Gwangwanin Kifi

Asubar Talata muka bar Mokolo,
shekara ashirin da uku muna ɗaki ɗaya
ba mu taɓa taka tafiyar da ta wuce kasuwar Marwa ba.
Ishiyaku ya rataya jakunkunanmu a sikelin mai wake:
tasa kilo goma sha huɗu, tawa tara.
Ya ce, "An yi adalci."
Na bar shi da bakinsa.

Wunin farko, dutse ya yi mana kawaici.
Gonakin gero hawa-hawa kamar matakalar soro,
rumbuna masu tsinin hula suna leƙenmu ta bayan katanga.
Wata tsohuwar Kapsiki ta wuce mu, ƙafa ba takalmi,
damin itace a ka, ɗan akuya a hammata.
Ta dubi sandunanmu na ƙarfe,
ta yi dariyar da ta bi mu har gangare.

Wuni na biyu, bororo ya fito mini a diddige.
Shi kuwa gwiwar nan ta hagu,
wadda keken ɗinki ya cinye tun yana saurayi,
ta fara magana a kowane hawa.
Na ce, "Mu huta." Ya ce, "Ke kika gaji?"
Na ce, "Ni." Ya ce, "To, don ke."
Muka zauna gindin tsamiya,
yana murza gwiwa a ɓoye, ina kallon shaho.

Ba mu yi hira ba sosai.
Numfashi ya yi tsada,
kowa na tattalin nasa kamar gishirin ƙarshen wata.
Sai ƙarar tsakuwa, sai buta tana bugun jaka,
sai "ga ruwa", sai "bi ta dama".
Ashe rabin zancenmu na gida
kuɗin wuta ne da makarantar yara.

Da dare, da na ji minsharinsa ya daidaita,
na lallaɓa na buɗe jakarsa.
Na zare turakun tanti, na zare gwangwanin kifi,
na cusa su ƙarƙashin zannuwana.
Da safe na saɓa kaya, na ji ba nauyi.
Na ce a raina: Lantana, ashe da sauranki.

Da azahar ina neman dabino,
babu turaku, babu gwangwani,
har gorar ruwana ɗaya ta yi ƙafa.

Dare na uku, a kan wani fa sama da Mogode,
sanyi ya sauko, wata bai fito ba.
Na miƙa hannu cikin duhu wajen jakarsa,
na ci karo da hannu
yana dawowa daga tawa.
Muka tsaya haka, ɓarawo riƙe da ɓarawo.
Can ƙasa wani kare ya yi haushi sau biyu.
Ya ce, "Tocila nake nema."
Na ce, "Tana wuyanka."
Dariyar da muka yi, har da tari,
har jemagu suka bar kogonsu.

Juma'a da hantsi Rumsiki ta bayyana,
dutsen nan tsaye shi kaɗai
kamar taɓarya da aka manta a turmi.
Wani yaro ya tare mu: akwai tsoho mai duba da ƙaguwa,
sefa dubu, a gaya mana gobenmu.
Ishiyaku ya ce gobenmu gangara ce, gwiwarsa ta riga ta faɗa masa.

Muka zauna bakin kwazazzabo, muka cire takalma.
Ya fito da gwangwanin, duk ya lotse,
ya sha hanya fiye da mu,
sau nawa ya sauya jaka, ba wanda ya ƙirga.
Ya buɗe da wuƙa. Kifi uku ne a ciki.
Ya ci ɗaya, na ci ɗaya.
Na ukun yana nan cikin mai,
shi yana kallon dutse, ni ina kallon dutse,
ƙuda ya zo ya sauka a baki-baki.